Wa Ke Sa wa Keken Mama Mai?

Mahaifiyata tela ce, ko da yake ba ta taɓa buɗe shago ba. A ɗakinta take ɗinki, a gidanmu na Kwoi, jikin tagar da ke kallon inda ake shanya citta. Kekenta irin na da ne, baƙi, mai feda, da zanen furanni ruwan zinariya waɗanda hannunta ya goge rabinsu. Baba ne ya saya mata tun yana aikin reluwe a Kafanchan, kafin a haife ni. A kansa aka ɗinka kayan makarantarmu mu biyar, da rigunan mawaƙan cocinmu, da na zumuntar mata.

Tana da wani ɗan gwangwanin mai, mai dogon baki siriri kamar na zalɓe. Ba ta yarda kowa ya taɓa shi. Ina ’yar sakandare na taɓa tambayarta sau nawa ake sa wa keke mai. Ta ce, "In kina ɗinki kullum, kowane sati. In jefi-jefi ne, wata-wata ya isa. In ya daɗe a ajiye, sa masa kafin ki hau. Amma kar ki dogara da kalanda, ki dinga saurara. In ya fara kuka kamar ɓera, ƙishi yake ji."

Ɗigo ɗaya take sawa a kowane rami, ba ta ƙarawa. Matan unguwa da ke zuba wa nasu man gyaɗa kuwa, faɗa take musu kamar sun zagi wani nata. In ta gama, sai ta ɗauki tsohon ƙyalle ta yi ɗinki a kai, don ya shanye ragowar man kafin ya ɓata yadin mutane. Ba miƙaƙƙen layi take yi ba. Takan fara daga gefe, ta yi kwana, ta sake kwana, tana shiga ciki tana ƙanƙancewa har ta kai tsakiya, kamar gidan katantanwa mai kusurwa huɗu.

Cikin damina ta rasu, bayan jinyar sati biyu. Da aka gama zaman makoki aka zo rabon kaya, yayyena mata suka ɗebi zannuwa da tukwane, ni auta aka ce in ɗauki keke tunda ni kaɗai na ɗan koya a wurinta. Aka kuma ce Baba ya biyo ni Kafanchan, don yanar ido ta rufe masa gani, haske da duhu kawai yake bambancewa, asibiti kuma ya fi kusa da ni. Ina koyarwa a wata firamare a cikin gari. Mijina yana aiki a Kaduna, sai ƙarshen wata yake zuwa, yarana biyu suna makarantar kwana. Don haka gidan daga ni sai Baba.

Na ajiye keken a falo, na tura kujerar Mama ta katako ƙarƙashinsa, na rufe shi da tsohon zanen gado. Ban iya buɗe shi ba. In na wuce ta wurin ma kawar da kai nake. Gwangwanin man kuwa na neme shi a cikin kayan da muka taho da su ban gani ba, na ce ƙila ya ɓace cikin hayaniyar rabo. Daminar shekarar ta yi ruwa sosai, har kwaɗon ƙofar kicin ya yi tsatsa, wuƙaƙe ma haka. Nakan tuna keken in ce lallai shi ma ya ci tsatsa, in ji nauyin abin a zuciyata, in kuma bar shi.

Haka aka yi wata bakwai. Ana saura sati uku Ista, aka ba ni farin yadin teburin cocinmu in yi masa lafi, wato in kalmashe bakinsa. Na daure na yaye zanen gadon. Na sa zare, na taka feda a hankali, ina jiran in ji ya ƙi motsi. Sai ya tafi sumul, babu ko ƙara. Ban yi taku ashirin ba na ga wani tabo ya fito a farin yadin, yana faɗaɗa kusa da allura. Na sa yatsa na shinshina. Mai ne.

Washegari na je bayan kasuwa na ɗauko wani dattijo mai gyaran kekunan ɗinki, wanda teloli suka nuna mini. Ya zo da ’yar jakarsa ta fata, ya gaisa da Baba da ke zaune a baranda, ya durƙusa gaban keken. Ya kwantar da kansa baya, ya leƙa ƙasa, ya ciro kwarkwaron zaren ƙasa, ya shafa yatsa nan da can. Sai ya ɗago yana murmushi.

"Malama, kekenki lafiyarsa ƙalau. Kin dai cika masa mai ne. Ki rage hannu."

Na ce, "Malam, wata bakwai ban taɓa shi ba sai jiya."

Ya dube ni, ya sake duba yatsansa, ya miƙo mini shi saitin hasken taga. "Dubi nan. Man da ya yi wata bakwai ja yake yi, ya yi danƙo kamar ƙaro. Wannan fari ne tas kamar ruwa. Bai kwana uku ba." Ya nuna mini wani ɗan rami can ƙarƙashi, bayan wani ƙarfe mai lanƙwasa. "Wannan ramin, teloli da yawa sun shekara ashirin suna ɗinki ba su san da shi ba. An sa masa. Wanda ya yi wannan aikin ya san keken nan ciki da waje."

"Ni da mahaifina ne kawai a gidan. Shi kuma ba ya gani."

Dattijon ya dubi yatsunsa da suka yi maiƙo. Ya jawo ’yar durowar gefen keken don ya nemi tsumman goge hannu, sai ya ciro ƙyallaye a jere, an ninke su ɗaya kan ɗaya. Ya ɗauki na sama zai goge hannu, na riƙe masa hannu. Ƙyallen wani tsohon zanena ne, wanda na yayyaga na ajiye a kicin don goge-goge, a nan Kafanchan, bayan Kirsimeti. A kansa an yi ɗinki da baƙin zare, daga gefe, kwana, kwana, har tsakiya. Na buɗe sauran. Duk haka suke. Ban ƙirga su ba, amma sun cika tafin hannuna.

Mai gyaran ya ƙi karɓar komai, ya ce bai yi aiki ba. Da zai fita ya ce, "Allah Ya sa alheri," ya hau mashin bai waiwayo ba.

Da yamma ina ba Baba tuwo na tambaye shi, da yarenmu, ko wani yana shigowa gidan in na tafi makaranta. Ya ce ba kowa. Na ce ko ya taɓa keken Mama. Ya ce, "Ni da ban ga hanyar bakina ba, ina zan ga ramin allura?" Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Kwana biyu bayan haka na haɗu da maƙwabciyata a bakin famfo. Nas ce, ’yar Godogodo, bangonmu ɗaya, kuma a satin nan tana aikin dare, da rana take barci. Ta ce, "Anti, ashe kin fara ɗinki ba ki gaya mini ba? Ina da zani biyu fa da nake so a yi mini."

Na ce ban fara ba.

"Kai, Anti! Keke naki ba ya barina barci. Kamar sha biyu haka zai fara. Ya yi, ya tsaya, ya yi, ya tsaya. Na ɗauka kina dawowa lokacin birek ne."

"Kullum?"

"Ba kullum ba. Sati-sati haka. Wani lokaci ina ji ana magana ma." Ta ga fuskata, ta sauke bokitinta. "Anti, lafiya?"

Na ce lafiya. Na ɗauki ruwana na shiga gida.

Daga ranar na shiga neman dalilin dawowa gida da rana. Litinin na ce kaina na ciwo, na zo na tarar da Baba yana gyangyaɗi a baranda da rediyonsa. Laraba na ce na manta rajista, nan ma shiru. Ranar Juma’a aka tashi yara da wuri saboda taron malamai, ni kuma na zame ban tsaya ba. Rana tsaka ce, ta take sosai, unguwar shiru sai kaji a gindin mangwaro. Tun daga bakin get na ji shi.

Duk wanda ya tashi a gidan tela ya san kowane mai ɗinki da irin takunsa. Na Mama gudu ne gajere, sai tsayawa, sai ƙarar ɗan ƙarfen da ke danne yadi in an ɗaga shi an sauke, sai kuma gudu. Abin da nake ji ke nan. Baranda ba kowa, rediyon na kan kujera a kashe. Na cire takalmina na riƙe a hannu, na bi ta gefen gida zuwa tagar falo, na leƙa ta tsakanin gilasan.

An yaye zanen gadon, an ninke shi a kan kushin. An jawo kujerar Mama baya kaɗan, daidai yadda mutum zai zauna. Ba kowa a kanta. Baba yana zaune a gefen dama, a kan ’yar kujerar tsugunno ta kicin, ya miƙa ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin keken yana taka feda. Hannayensa biyu suna kan gwiwarsa. Ya karkata kai wajen kujerar kamar mai sauraron wani. Ƙyalle yana tafiya a ƙarƙashin allura.

Na san keke yana jan yadi da kansa in ana takawa, ko ba a riƙe ba. Da wannan na riƙa lallashin kaina ina tsaye. Sai Baba ya ce, da yarenmu, "To," ya tsayar da ƙafa. Daga inda nake, kan keken ya kare mini allurar. Na ji ƙas, na sake jin ƙas. Ya ce, "To," ya ci gaba da takawa. Da ƙyallen ya sake bayyana, ta wani gefen yake fitowa. Ban ga hannun Baba ya bar gwiwarsa ba. Na sha juya wannan a raina. Wataƙila na ƙifta ido, wataƙila hasken rana a gilashin ya ruɗe ni. Abin da na gani dai ke nan.

Ban san lokacin da takalmin ya suɓuce daga hannuna ba. Keken ya tsaya. Baba ya juyo da fararen idanunsa wajen taga ya ce, "Auta, shigo mana. Rana za ta ƙona ki."

Na shiga, na tsaya a bakin ƙofa. Falon yana ƙamshin man keke.

"Baba, me kake yi?"

"Taka mata nake."

"Wa?"

"Mamanki. Wa kuma?" Ya janye ƙafarsa, ya shafa gwiwa. "Ke ba ki sani ba, kina birni. Shekara uku kafin ta tafi, gwiwoyinta sun ƙi. Ba ta iya taka feda. Ta ce kar a gaya muku, za ku ce ta daina ɗinki. Sai mu tura ƙofa, ni in zauna nan in taka, ita ta riƙe yadi. Rigunan mawaƙa na ƙarshen nan, da ƙafata aka ɗinka su." Ya yi ’yar dariya. "Tsohon ma’aikacin reluwe, na koma injin matata."

Na ce, "Baba, Mama tana wurin Ubangiji."

"Na sani. Ba ni na zuba ƙasar farko ba?"

"To wa ke sa wa keken mai?"

"Ni dai takawa nake."

"Wa ke juya ƙyallen?"

Can ya ce, "In ya fara kuka, nakan ji daga baranda. Sai in shigo in zauna. In an ce taka, in taka. In an ce tsaya, in tsaya. Ban tambaya ba, ke ma kar ki tambaya."

Da ya shiga wanka da yamma na binciki ɗakinsa, abin da ban taɓa yi ba. A aljihun kwat ɗinsa ta zuwa coci na sami gwangwanin, an naɗe shi cikin hankicin Mama. Na ji sanyi a raina, na ce ashe shi ne. Shekara uku yana zaune gefenta, ai zai san ramukan da lalube. Na riƙe wannan bayanin da hannu biyu. Kwanar ƙyallen ce kawai ta ƙi shiga cikinsa.

Na kira babban wanmu da ke Kwoi a waya. Ya ce tsufa ne, in kai shi asibiti. Likita ya auna shi, ya yi masa tambayoyi, Baba ya amsa duka daidai, har sunayen tashoshin jirgi daga Kafanchan zuwa Jos ya jero masa. Likitan ya ce kewa ce, a dinga zama da shi. Na gaya wa matar Fastonmu, ita kaɗai. Ta zo da mata biyu na zumunta suka yi addu’a a falon, Baba yana ta cewa amin da ƙarfi. Da za su tafi ta ja ni gefe ta ce, "’Yata, ko dai mene ne, ki raba shi da keken nan. Mai rai da matacce ba su da aiki tare."

Ban iya sayar da shi ba. Na dai cire igiyar fatar da ke haɗa feda da kan keken, na sa ta a jakata ta makaranta tare da gwangwanin, ina tafiya da su ina dawowa da su. Ban gaya wa Baba ba, shi ma bai tambaya ba. Amma daga satin ya canja. Ya daina kunna rediyo. Tuwo sai ya yi loma uku ya ture. In na dawo, sai in same shi a baranda ya juya kujerarsa, ya ba titi baya, yana fuskantar ƙofar falo. Maƙwabciyata ta ce yanzu tana samun barci, amma tana jin tausayin tsohon, don tana ganinsa ta katanga yana toshe kunne da hannu.

Sati na uku, ranar Asabar, ina tsince shinkafa a baranda kusa da shi. Wajen sha biyu ne. Ƙofar falo a buɗe, ina hango keken a rufe da zanensa. Sai na ji wani ɗan kuka siriri daga ciki, ƙii, kamar ƙarfe busasshe yana gogar ƙarfe. Ya tsaya. Ya sake.

Baba bai juyo ba. Ya ce, "Kin ji?"

Na so in ce ɓera ne. Akwai ɓeraye a silin ɗinmu. Amma na tashi a gidan tela, na san bambanci. Na ce, "Na ji, Baba."

"Tun ranar Talata yake yi."

Na ajiye tiren. Na ɗauko jakata, na yaye zanen, na mayar da igiyar. Sai da na gwada sau uku kafin ta hau. Na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ɗigo ɗaya-ɗaya, har da na ƙarƙashin nan da mai gyara ya nuna mini. Baba ya lallaɓo da bango, ya jawo kujerar tsugunnonsa ya zauna a dama. Na tsaya ina kallon kujerar Mama.

Ya ce, "Zauna. An ba ki wuri."

Na zauna. Na sa ƙyalle, na sauke ƙarfen. Ya fara takawa. Na ƙudura a raina ba zan ce masa komai ba, in ga abin da zai faru. Muna isa kusurwa, saura taku ɗaya allura ta fita daga ƙyallen, ya ce, "To," ya tsaya cak. Na juya ƙyallen. Ya ci gaba. Kusurwa ta biyu ma haka, ta uku ma haka, layukan suna gajarta, shi kuma yana tsayawa daidai inda ya kamata, makaho, kansa a karkace, ba wajena ba, wajen kafaɗata ta hagu. Ban waiwaya ba. Har muka kai tsakiya idona na kan allura. A ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Muka ci gaba da haka duk Asabar har ƙarshen shekara. Ban ƙara jin kukan ba, maƙwabciyata ma ba ta ƙara jin keken a ranakun aiki ba. Sannu a hankali na fara karɓar ƙananan ɗinki, lafi da faci, yana taka mini. Ban taɓa buƙatar ce masa tsaya ba, kuma ban saba da hakan ba har muka rabu.

Bayan Kirsimeti ya ce yana so ya koma Kwoi, ya gaji da birni, yana so ya ji ƙamshin citta. Ya ce da keken zai tafi. Wanmu ya turo motar ɗaukar kaya. Aka ce Baba ya shiga gaba, ya ƙi, ya zauna a baya a kan buhu, ya rungume keken da hannu ɗaya saboda gargadar hanya. Haka na ga motar ta sha kwana da su.

Ya rasu farkon daminar da ta biyo, cikin kwanciyar hankali, bayan an dawo daga sujada. Da aka gama makoki wanmu ya ce in ɗauki kekena. Na ce a bar shi tukuna, ba ni da wuri. Matarsa ta sa aka kai shi ɗakin da suke tara buhunan citta, can ƙarshen gida, ta sa kwaɗo. Da na je bara na lura ta kwashe murhunta da turminta daga gefen ɗakin da keken yake ta mayar da su bakin ƙofar gida, inda babu ko inuwa. Na tambaye ta ko hayaƙi ne ke damun cittar. Ta dube ni ta ce, "E, hayaƙi ne," ta miƙo mini kujera muka zauna a rana muna ɓare gyaɗa.